Wace kalmar Hausa za ta tsaya a madadin "diaspora" kafin Asabar?

Mai Shirin Mata: Assalamu alaikum. Ina neman agaji. Ranar Asabar da ƙarfe goma zan gabatar da shiri a rediyo kan matan Indiya da Pakistan da Bangaladesh da suka tashi a Kanada da Ingila da Amurka, masu rubutu da bidiyo a intanet kan asalinsu. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya, diaspora, wato al'ummar da ke zaune a wajen ƙasarta ta asali. Na rubuta "mazauna ƙetare", da na zo kan Lilly Singh sai na ga ba ta dace ba. A Toronto aka haife ta a 1988, iyayenta 'yan jihar Punjab ta Indiya ne, ta fara YouTube a 2010, tana shiga kayan uwa da na uba tana kwaikwayon faɗansu. A wurinta Kanada ba ƙetare ba ce, nan aka yanke mata cibiya. Ga kuma marubuciyar waƙoƙi Rupi Kaur, a Punjab aka haife ta a 1992, aka kai ta Kanada tana ƙarama. Kalma ɗaya nake so ta ɗauke su duka biyu.

Baban Khalifa: 'Yan ci-rani mana.

Hajiya Maraɗi: Ɗan ci-rani da an yi ruwan fari ya ɗaure kayansa ya koma gona. Waɗannan ina za su koma? "Baƙi" ma kada ki taɓa, baƙo raɓa ne, abin da suke yaƙi da shi ke nan.

Baban Khalifa: To, 'yan kaka-gida.

Mai Shirin Mata: Labaran duniya sun riga sun ɗora wa wannan nauyin masu mamaye ƙasar wasu, Baban Khalifa. Mai sauraro zai ji zargi.

Ɗalibin Nahawu: Tushen kalmar Girkanci ne, ma'anarsa warwatsa iri. Watsu, watsattse, watsattsiya, watsattsu. Ni ina ganin "watsattsu".

Hajiya Maraɗi: Subhanallahi! Ƙanena, ka san wadda ake kira watsattsiya a gidajenmu? Ka ce a kira 'ya'yan mutane haka a rediyo? Wannan shi ne zagin da suke sha daga danginsu in sun fito a bidiyo. A 2015 Instagram ya cire hoton Rupi Kaur saboda ɗigon jinin al'ada a wandonta, ta yi magana har aka mayar da shi. Mace irin wannan ba ta buƙatar mu ƙara mata suna.

Ɗalibin Nahawu: Na janye, Hajiya. Wallahi sigar kawai na duba.

Ɗan Kumasi: Kuna nema a nesa alhali ga ta a gida: 'ya'yan zango. Kakana fataucin goro ya kawo shi daga Kano, a zangon Kumasi aka haifi babana, aka haife ni. A nan ni ɗan arewa ne. Ranar da na fara zuwa Kano na shiga kasuwa na ce wa mai shago "matata ya aiko ni", shi da yaransa suka yi ta dariya har na fita ban sayi komai ba. Na yi kwana biyu ba na son buɗe baki. Abin da yaran Southall a Landan da Brampton a Kanada suke rubutawa ke nan, in sun je Lahore ko Amritsar a ce Punjabinsu ya karye.

Malam na Zariya: Zango masaukin ayari ne, a kwana a tashi. Ma'anar da kuka ba shi a Gana taku ce. Shirin rediyo da daidaitacciyar Hausa ake yinsa. Kuma tun farko ban ji daɗin "intanet" da "bidiyo" ba, muna da yanar gizo da faifan hoto.

Ɗan Kumasi: Allah gafarta Malam, kun ga abin da na faɗa ke nan. Fiye da shekara ɗari muna riƙe da harshen nan a tsakiyar Asante, amma kalmarmu ba ta isa shiga rediyo ba?

Hajiya Maraɗi: Daidaitacciyar nan Kananci ce aka yi wa rawani, Malam. Mu ma nan muna ji muna haƙuri.

Malam na Zariya: Ban raina kowa ba. Amma in kowane gari ya kawo tasa, da wace za a koyar a aji?

Ɗan Kumasi: Da 'ya'yan zango. Har jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 suka zauna Maiwurno a Sudan, ta ɗauke su.

Mai Shirin Mata: Don Allah a dawo, lokaci na tafiya. Yaya na Kumasi, labarinka ya taɓa ni, amma in na ce 'ya'yan zango mai sauraro a Gusau zai ɗauka Hausawa nake nufi. Su kansu matan suna da sunan da suke kiran kansu, desi, daga kalmar da ke nufin ƙasa, wato 'yar gida ko da a Texas aka haife ta. Kuma ba Turawa kaɗai suke mayar wa martani ba. A 2016 ɗalibai mata a Texas suka tayar da gangamin Unfair and Lovely kan man bilicin da iyayensu mata suka saba da shi, a 2020 kamfanin Unilever ya sauya wa mansa Fair & Lovely suna zuwa Glow & Lovely. Gida biyu suke yi wa magana lokaci guda. Ga abin da zan yi: a buɗewa zan ce "'yan tsatson Kudancin Asiya da suka tashi a wasu ƙasashe", daga nan in riƙa cewa matan desi. Zangon zan kawo shi sau ɗaya, a matsayin kwatance.

Malam na Zariya: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Kuma kin gudu daga Turanci kin faɗa Indiyanci. Amma "tsatso" Hausa ce tsantsa, ba zan hana ba.

Ɗan Kumasi: Sau ɗaya ya yi kaɗan, Yaya, amma na karɓa. In kin zo wurin, ki ambaci Kumasi da sunanta.