Waɗanda suka taɓa kallon wasan Omiri a Fotugal, ku zo mu ji

Ɗalibin Coimbra: Salamu alaikum. Abokan karatuna sun matsa lallai sai na bi su kallon Omiri. Wai waƙoƙin ƙauye ne aka ɗora a kan kiɗan kwamfuta. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya ba ni labari, kada in yi asarar kuɗin tikiti.

Baban Yara a Setúbal: Wa alaikumus salam. Je ka abinka, ƙanena. Ni da na je na zaci zan tarar da taron makaɗa, ashe mutum ɗaya ne, Vasco Ribeiro Casais. Ƙauye-ƙauye yake bi yana ɗaukar bidiyon tsofaffi suna waƙa, ya yanyanka, ya haska su a ƙaton allo bayansa, shi kuma yana ta sauya kayan kiɗa a gaba. Da ya ɗauko wata abar busa mai salka a hammata, na tambayi na kusa da ni sunanta, ya ce gaita-de-foles. Dariya ta kama ni, na ce to ai ƙanwar algaita ce.

Maman Biyu: Ni adufe ne ya tsaya min a rai. Ganga ce mai kusurwa huɗu, fata gaba da baya, an zuba ƙananan abubuwa a ciki suna kacau-kacau. Mata ne ke kaɗa ta, musamman can wajen Monsanto da Idanha-a-Nova, kuma sunan daga duffin Larabawa ya samo asali. Wata tsohuwa ta bayyana a allon, baƙin ɗankwali, yatsu duk sun kanannaɗe don aikin gona, tana bugawa tana rera waƙa. Wallahi sai da na tuna daren bandiri a unguwarmu a Kano. Wautar da na yi ita ce tsayawa gab da lasifika. Dukan ya cika min ƙirji, muryar baiwar Allah ta riƙa ɓace min, alhali ita na fi son ji. Ka tsaya tsakiya.

Tsohon Lisbon: Yara, ku ne kuke ganin abin sabo. Tun 2004 ƙungiyar makaɗa A Naifa suka fitar da kundinsu na farko, fado (salon waƙar gargajiyar Fotugal) da gitar Fotugal mai tsirkiya 12 a kan bugun na'ura. Ɗaya daga cikinsu, João Aguardela, ya rasu a 2009. Maigidan hayata na lokacin, dattijo mai son fado tsantsa, in ya ji na kunna sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce wannan ba fado ba ne. Jikarsa kuwa ta ari faifan, har yau bai dawo ba.

Baban Yara a Setúbal: Af, na manta. Ka yi isha'i kafin ka fita, mutanen nan ba sa fara wasa da wuri. In a fili ne ka riƙe rigar sanyi.

Ɗalibin Coimbra: Na gode ƙwarai. Hajiya, tsakiyar nan da kika ce, ana ganin allon sosai? Ni gajere ne.