Kyanwata sai lasar baki take yi, ta kuma daina cin abinci

Maman Ikram (Garwa):
Salama alaikum jama'a. Dan Allah masu kiwon mage ku taimaka min. Kyanwata shekararta shida, kwana huɗu ke nan sai lasar baki take kamar wadda ta ci mai, miyau na dalala har ya jiƙa mata gashin ƙirji, in na ajiye mata kifi da gudu take zuwa, tana ɗauka sai ta yi ƙara ta tofar ta koma gefe tana kallonsa, ga bakin yana wari. Maƙwabciyata ta ce in fasa mata rabin parasitamol a madara. In ba ta? Wlh tausayinta ya hana ni barci.

Ɗan Marwa:
Wa alaikumus salam. Hajiya kar ki kuskura! Parasitamol guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi irin tamu, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka ibuprofen. Bari in wuce, masana za su ƙara bayani.

Inna Yelwa:
'Yata fara duba ƙaya tukun. Mu nan da kifin Lagdo muke ciyar da su, tawa ta taɓa yin haka, ashe ƙaya ce ta gicciye mata a ganɗa. Ki naɗe ta a zani ki bar kai kaɗai, wani ya haska miki tocila, ki leƙa har ƙarƙashin harshe. In zare kika gani kar ki ja shi.

Ɗalibin likitancin dabbobi (Ngaundare):
Inna ta yi gaskiya, amma akwai abin da ya kamata a fara tambaya. Hajiya wani kare ko muzuru ya cije ta kwanan nan? Halinta ya canja? Ciwon haukan kare yana nan a yankinmu kuma shi ma yana kawo dalalar miyau, in akwai shakka kar ki sa yatsa a bakinta sam.

Lasar baki ita kaɗai ba cuta ba ce, mage na yi bayan ta ci, ko in tsoro ya kama ta, ko zuciyarta na tashi za ta yi amai. Amma yunwa na nan, taunawa ce ta gagara, ga wari, wannan ciwo ne a cikin bakin. In kin buɗe kika ga dasashi ya yi jawur ya kumbura har can lungu inda muƙamuƙai suka haɗu, yana jini da an taɓa, to shi ne kumburin bakin da muke cewa sitomatitis. Garkuwar jikinta ce ke faɗa da dattin haƙora fiye da kima, kuma sau da yawa ana samun ƙwayar kalisibairus mai kawo wa mage mura tare da shi, ko FIV, ƙwayar cuta mai raunana garkuwar jikin mage, wadda suke ɗauka ta cizo wajen faɗa. Waɗannan biyun ba sa kama mutum, ki kwantar da hankalinki. Ciwon ƙoda ma yana sa gyambo a baki, shi warinsa kamar na fitsari ne.

Allurar antibayotik da maganin zafi na dabbobi suna lafar da sitomatitis ɗin amma yakan dawo, wadda abin ya yi tsanani sai an cire mata haƙoran baya, wani lokaci duka 30 ɗin, mutane na jin haka sai su tsorata alhali yawancinsu sauƙi suke samu bayan nan, don mage daman ba ta cika taunawa ba.

Kwana huɗun nan ne ya fi damuna, kyanwa in ta daɗe ba ci kitse kan taru a hantarta. Yau ki dafa kifi ko kaza ki cire ƙaya tsaf, ki dama da romonsa ya yi ruwa-ruwa da ɗan ɗumi, ba gishiri ba magi, albasa da tafarnuwa kuwa lalata musu jini suke. Gobe da sassafe ki kai ta wurin likitan dabbobi.

Maman Ikram:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ba abin da ya cije ta, ko ƙofar gida ba ta fita. Ni da babban ɗana mun duba, ba ƙaya Inna, amma can ciki ja ne kamar ɗanyen nama. Ta lashi romon kaza kusan cokali uku. Na saka ta a kwando, ƙarfe bakwai mai mashin zai zo ya kai mu.