Tambaya a kan gizo-gizon kyarkeci: Lycosa ne ko Pardosa?

Habibu:
Assalamu alaikum. Daren jiya na haska tocila a kan ciyawa, sai na ga wasu ƙananan ɗige-ɗige suna ƙyalli kamar raɓa. Da na matsa kusa na tarar idanun gizo-gizo ne. Ɗaya daga cikinsu babba ce, mai launin ƙasa, tana jan wani farin ƙunshi zagayayye a bayanta. Wani abokina ya ce sunanta Lycosa, wani littafi kuma da na duba ya nuna mai kama da ita da sunan Pardosa. Ina roƙon masana su fayyace mini abin da ya sa ake kiran wannan halitta gizo-gizon kyarkeci, da kuma dalilin wannan saɓanin suna.

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Alamomin da ka ambata sun isa a ce abin da ka gani ɗan dangin Lycosidae ne, sunan da masanin nan na ƙasar Suwidin, Sundevall, ya raɗa musu a 1833 daga kalmar Girkanci mai nufin kyarkeci. Idanunsu takwas ne a jeri uku: ƙanana huɗu a ƙasa, manya biyu a tsakiya suna kallon gaba, sannan biyu a sama. A bayan idon akwai wani shimfiɗe mai maido da haske, shi ya sa tocilarka ta sa suka yi ƙyalli.

Ƙunshin kuwa jakar ƙwai ce, kuma wurin da take liƙe shi ne hujja mafi ƙarfi. Uwar gizo-gizon kyarkeci tana maƙala jakar a gaɓoɓin da take fitar da zare da su, can ƙarshen ciki, tana yawo da ita har tana farauta a haka. 'Yan dangin Pisauridae, waɗanda ake yawan rikita su da su, a baki suke riƙe tasu jakar. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan sukan hau gadon bayanta ta goya su na wasu kwanaki kafin su watse, kuma ni dai a ganina babu abin kallo a rayuwar gizo-gizo da ya kai wannan goyon.

Malam Garba:
Malama ta gama da sashe na farko, bari in taɓa batun suna, domin nan ne rikicin yake. Dangin yana da nau'o'i sama da 2,400, an kasa su cikin jinsuna fiye da ɗari. Lycosa da Pardosa jinsuna biyu ne a cikinsu. Wani masani mai suna Latreille ne ya kafa Lycosa a 1804, kuma sanannen ɗanta shi ne Lycosa tarantula na kudancin Italiya, wanda ya samo sunansa daga birnin Taranto. Daga nan sai masanan farko suka riƙa zuba kusan duk wani babban gizo-gizon kyarkeci da aka kawo musu daga kowace nahiya cikin Lycosa, saboda girma da launi kawai, har jinsin ya zama rumbun tarkace. Daga baya aka yi ta kwashe su. Misali, babban nan na Amurka da tsofaffin littattafai ke kira Lycosa carolinensis, yanzu Hogna carolinensis ake ce masa.

Wani Bajamushe mai suna Roewer ya yi ƙoƙarin gyara a wajen 1959 da 1960, musamman a kan na Afirka, amma ya kafa jinsuna masu yawa bisa ƙananan bambance-bambance irin su tazarar idanu, waɗanda sukan sauya ko a cikin nau'i ɗaya, don haka har yau ana warware aikin nasa. Abin da masana suka fi dogara da shi yanzu shi ne siffar gaɓoɓin haihuwa: na namiji da ke kan 'yan hannuwa biyu na gefen bakinsa, da na mace da ke ƙarƙashin cikinta. A kan gaɓoɓin namiji ne wani masani mai suna Dondale ya raba Lycosidae zuwa ƙananan dangogi a 1986, sannan binciken ƙwayoyin gado ya zo ya tabbatar da wasu, ya rushe wasu.

Pardosa kuwa, wanda wani masani mai suna Koch ya kafa a 1847, yana da nau'o'i fiye da 500. Yawancinsu ƙanana ne da ba su kai santimita ɗaya ba, masu siraran ƙafafu, suna zirga-zirga da rana, kuma jakar ƙwansu a ɗan baje take, launinta yana karkata zuwa toka ko shuɗi-shuɗi. Tunda taka babba ce, da dare ka gan ta, jakarta kuma fara zagayayya, ina ganin da wuya ta zama Pardosa.

Zainab:
Ina so in ƙara gyara ɗaya a kan sunan kyarkeci da ake kiransu da shi. Ba sa farauta a garke kamar kyarkeci. Kowane shi kaɗai yake, kuma da yawa sun fi zaman kwanton ɓauna a kan bin abin farauta da gudu. Haka nan, ko da yake yawancinsu ba sa saƙa yanar kama abinci, ba duka ne suka bar saƙa ba, domin Hippasa na Afirka da Asiya da Sosippus na nahiyar Amurka suna shimfiɗa yanar gizo mai mazurari a cikin ciyawa.

Habibu:
Na gode ƙwarai. To, Malam Garba, idan na ɗauki hotonta, za a iya gaya mini ainihin sunanta?

Malam Garba:
Hoton da ya nuna fuskarta sosai zai tabbatar da dangi, wani lokaci ma ya kai mu ga jinsi, amma nau'i sai an duba gaɓar haihuwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sa'arka ɗaya ita ce mai ɗauke da ƙwai baliga ce, gaɓar ta riga ta bayyana, domin ba ta kammaluwa sai bayan saɓar ƙarshe. Sai dai ina roƙonka kada ka raba ta da jakar don neman hoto mai kyau, domin idan aka ƙwace mata ita takan tsaya a wurin tana ta nema. Ka ɗauki hotonta daga gaba da kuma daga sama, ka ajiye ma'auni a gefenta don a ga girmanta.