Neman gurbin MBA (digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci) da raunin makin GMAT (jarrabawar neman shiga MBA): abin da malaman horarwa a Katsina suka tattauna

Abu na farko da suka yi ittifaƙi a kai shi ne kada mai koyarwa ya ɗora ɗalibi kan darasi kafin ya duba rahoton makinsa. GMAT ta yanzu sashe uku ce: lissafi, fahimtar Turanci da nazarin bayanai, kowanne minti 45, maki daga 205 zuwa 805. Galibi sashe ɗaya ne ke jawo jimillar ƙasa, kuma ba rashin sani ba ne, lokaci ne ke ƙurewa. Ɗalibi ya liƙe wa tambaya ɗaya har minti biyar, ya bar na ƙarshe babu amsa, alhali barin tambaya yana zaftare maki. Maganinsa atisaye da agogo a gefe, da littafin rubuta kowane kuskure da dalilinsa.

Ana iya sake zama jarrabawar bayan kwana 16, amma gaggawar ba ta da amfani. Wanda lissafin ya gagare shi ya gwada GRE, wata jarrabawar neman shiga digiri na biyu, makarantu da yawa na karɓar ta a madadin GMAT.

Sauran takardu su rufe giɓin: shaidar ICAN (ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Nijeriya), ko wasiƙar shugaban aiki mai ɗauke da alƙaluma, misali yawan buhunan taki da ka kula da rabonsu. A nemi takardar sakamakon jami'a da wuri, tana jan lokaci.

Ana kuma iya rubuta jarrabawar a gida ta intanet, amma muddin babu tabbacin wuta da intanet, gara a tafi cibiyar Abuja.