Ruwan noman rani a Ƙonni: siminti ne magani ko tare laka?

Manomin ƙarshen kanal: Salamu alaikum. Na san maganata kan gyaran da aka yi wa kanal ɗinmu da siminti ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma siminti ba ya haifar da ruwa. Filin noman rani na Birnin Ƙonni, hekta sama da 2,400, ruwansa daga barajin Mozage da na Zango yake fitowa, a kan ƙoramar Magiya, ya bi babban kanal zuwa tafkin Cerasa kafin a raba shi gonaki. Kowace damina Magiya tana saukowa da laka daga tuddan Adar, ta zube ta cikin baraji. Randar da ta cika da yashi, sabuwar moɗa me za ta ɗebo? Ni a ganina, duk kuɗin da aka sa a kanal alhali laka na ci gaba da shiga, rabinsa asara ne.

Malamin gona daga Tawa: Wa alaikumus salam, Baba. Batun laka gaskiyarka ne, amma kalmar asara ta yi nauyi. An gina filin nan tun ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Kai shaida ne yadda kanal ya zama kafin gyara: siminti ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsagar, ƙofofin ƙarfe sun yi tsatsa har sai an cusa buhun yashi a tare ruwa. Abin da ke yoyewa a hanya, ruwan na ƙarshen kanal ne, wato naka. Shi ya sa yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da MCC, hukumar tallafin raya ƙasa ta Amurka, a 2016, ta dala miliyan 437, ta sa gyaran Ƙonni cikin manyan ayyukanta.

Manomin ƙarshen kanal: Ɗana, ban ce ba a yi aiki ba. Ka zo watan Maris, lokacin da albasa ke ƙosawa, ka ga ƙarfe nawa ruwa ke iso mana.

Hajiya mai albasa, Galmi: Ni fa na daina jiran layi. Garkata foraji ce da faranti na hasken rana, da tiyo binne a ƙasa irin wanda ake ce wa kaliforniya. Yaro ya buɗe bakin tiyo, fangali ya cika, ya toshe ya matsa gaba. Ba esansi, ba faɗa da maƙwabci da tsakar dare. Da an raba wa manoma irin wannan, da ya fi kanal.

Malamin gona daga Tawa: Hajiya, Allah ya ƙara buɗi, amma ruwan da forajinki ke zuƙa daga ina yake? A fadamun Magiya, ruwan da ke kwanciya a baraji da kwari yana nutsewa ya ciyar da na ƙarƙashin ƙasa. Injin hasken rana kuma ba ya cin kuɗin mai, saboda haka mutum ba ya jin ciwon barinsa yana ja tun hantsi har la'asar. Idan kowa ya haƙa, rijiyar talaka ce ke fara ƙafewa. Sannan mai ɗan guntun fili ina zai samo kuɗin faranti?

Hajiya mai albasa, Galmi: Bashi na ci, na biya da albasa. A taimaka wa mata da bashi mai sauƙi a gani.

Dattijo daga Keita: Ku saurara, 'ya'yana. Mu mun ga aikin Keita da anka fara a 1984 da taimakon Italiya. Ba daga kwari anka faro ba, daga tudu ne. Mata sun ɗauki duwatsu a ka, anka jera su suna tare gudun ruwa, anka dasa itace a fako, anka datse ƙoramu. Ruwan da ya tsaya a bisa bai sauko da ƙasa ba. Yashe baraji yana da tsada ƙwarai, kuma in ba a ɗaure tudu da tassa da rabin wata ba, wato ramukan da ake haƙawa su tare ruwan sama, bayan 'yan shekaru laka ta dawo. Mai ƙarshen kanal ya faɗi gaskiya, sai dai maganin yana can sama da Mozage, a gonakin mutanen da ko ɗigo ba sa sha daga kanal ɗinku. Wa zai biya su wahalarsu?

Malamin gona daga Tawa: Kaka, wannan tambayar ce ta fi ƙarfin koperatif, sai gwamnati. Amma akwai wadda take hannunmu. Tun da aka kafa ONAHA, hukumar gwamnati mai kula da filayen noman rani, a 1978, tsarin bai canza ba a tushensa: manomi ya biya kuɗin ruwa, da shi a kula da kanal. In ba a biya ba, ko an biya ba a ga inda ya shiga ba, sabon simintin ma zai tsage.

Manomin ƙarshen kanal: Ni ban taɓa ƙin biya ba. Abin da ke min zafi, kuɗinmu ɗaya da na bakin kanal, amma shi ya sha ya ƙoshi, wani ma ya fasa gefe da dare, ni in samu ragowa. A taro mai zuwa zan nemi abu biyu: a liƙa jadawalin ban ruwa a kowace ƙofa, a kuma riƙa fara bai wa na ƙarshe duk zagaye na biyu. Malam, za ka tashi ka mara min baya?

Malamin gona daga Tawa: Zan tashi, Baba. Ka zo da maƙwabtanka da takardun biyansu a hannu.