Denon AVR-X1700H ko Yamaha RX-V6A, wanne zan ce a aiko mini?

Mai tambaya, unguwar Zariya, Maradi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Yayana da ke Amurka ya ce in zaɓi ampili (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ɗaya cikin waɗannan biyun, zai sako mini cikin kaya. Na duba, kowanne 7.2 ne, wato yana ɗaukar sifika bakwai da sub biyu (sifikar ƙasa mai gunji), kowanne na da tsarin sautin kewaye na Dolby Atmos da DTS:X. Yamahan na ba da wat 100 a kowace sifika, Denon ɗin 80. Ramukan shigar HDMI kuma Yamaha bakwai, Denon shida. Falona bai da girma, sifika biyar gare ni da sub ɗaya, abin da zan jona dekodar Canal+ ne da Xbox ɗin yara. Hankalina ya fi kwanciya da Yamaha saboda ƙarfin. Masana, me kuka gani?

Mai gyaran rediyo, bakin babbar kasuwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, aje maganar wat tukuna. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka wutar bolt 120 suke ci, kuran ɗinmu kuwa 220 ne. Ka soka shi a bango kai tsaye, ƙauri kawai za ka ji. Irinsu nawa ke jibge ƙarƙashin teburina, sababbi fil, ledar gaba ma ba a ɓare ba. Ka ce wa yayanka ya nemo ƙirar Turai mai 230, in bai samu ba ka tanadi taransifoma babba mai sauke wuta, ka haɗa da regilata.

Shi kuwa wat 100 da 80, bambancin bai wuce desibel ɗaya ba a ma'aunin ƙarar sauti, kunnenka ba zai kama shi a falo ba. Kuma wannan lissafin sifika biyu ne kaɗai ke aiki lokacin da suka auna. Ka kunna biyar tare, kowannensu sai ya sauko.

Wani daga Ali Ɗan Sofo:
Gaskiyar Malam ce. Ni abin da zan ƙara Xbox ɗin ne. In Series X ce, RX-V6A na farko-farko, waɗanda suka fito a 2020, ba su wuce da hoton 4K mai firam 120 a daƙiƙa daga gare ta, tele sai ta yi baƙi, har kamfanin ya riƙa canza wa mutane allon HDMI kyauta. A Maradi wa zai canza maka? Denon ɗin 2021 ya fito, bayan an magance wannan, kuma ramuka uku cikin shidan nasa na ɗaukar hoton 8K, wanda ya fi 4K. Ni shi zan ɗauka.

Kada ka yar da ƙaramin makirufon da ke cikin kwali. Da shi na'urar ke auna ɗaki, tsarin awon sunansa Audyssey a Denon, YPAO a Yamaha. Falonmu na siminti da tayil amsa-kuwwa gare su, awon nan na rage ta sosai. Ka kashe fanka lokacin awo, ka kori yara waje.

Mai gyaran rediyo:
Ko wanne ya zo, kada ka kulle shi cikin kabad ɗin gilashi, kuma kada a ɗora masa dekoda a ka. Zafin Afrilu da Mayu zai sa ya riƙa kashe kansa. Da hunturu ka rufe shi da ƙyalle in ba ya aiki.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Series X ɗin ce kuwa. Zan ce ya ɗauko mini hoton bayan Denon ɗin in ga lambar wutar kafin ya biya. Malam, taransifomar mai wat nawa zan nema?