Daga nazare zuwa aji ɗaya: abin da muka gani a kan yaranmu

Wata uwa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa iyaye da malamai. Ɗana zai kammala nazare a ƙarshen wannan zango, ya shiga aji ɗaya na firamare yana da shekara 6. Ya san haruffa, yana kuma ƙirge, amma har yanzu malamarsa ce ke buɗe masa jaka, ita ce kuma ke raka shi ban ɗaki. Ina roƙon waɗanda suka riga mu su faɗa mana abin da suka gani da idonsu.

Malamar aji ɗaya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na daɗe ina karɓar yara irin naki, kuma abin da kika damu da shi shi ne ya cancanci damuwa. Karatu da rubutu aikinmu ne, za mu koyar. Yaron da ya fi shan wahala a makonnin farko shi ne wanda bai iya ɗaga hannu ya ce fitsari yake ji ba, ko wanda zai wuni da ƙishirwa saboda ya kasa buɗe kwalbar ruwansa, yana kuma jin nauyin roƙo. A firamare yara sun fi yawa, zama kan benci ya fi tsawo, ƙararrawa ce ke raba lokaci, malama ɗaya kuwa ba za ta iya bin kowa ban ɗaki ba. Ki yi amfani da hutun nan ki bar shi ya sa kayansa da kansa, ya tsaftace jikinsa bayan ya zaga, ya faɗi cikakken sunansa da na mahaifinsa da murya mai fita, ko da hakan zai ci miki lokaci.

Wani uba:
Mu barci ne ya ba mu wuya. A nazare 'yata takan ɗan kwanta da rana, a firamare kuwa babu wannan, sai ta riƙa dawowa gida da kuka da rigima a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Malamarta ta ce a aji ba ta da matsala ko kaɗan, wato duk gajiyar da ta danne a gida take sauke ta. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa yaro mai shekara 6 zuwa 12 ya samu barcin awa 9 zuwa 12 a kullum. Da muka matso da lokacin kwanciya, muka kuma ɗauke waya da talabijin tun kafin a shiga ɗaki, rigimar ta ragu sosai.

Wata uwa mai 'ya'ya uku:
Ina so in ƙara maganar shekaru, domin na ga bambancin a gidana. Autana shi ne mafi ƙanƙanta a ajinsu, ko famfara bai fara ba alhali abokansa duk sun yi giɓi, kuma riƙon fensir ya daɗe bai zauna masa ba. Ƙasashe ma ba su daidaita ba: a Ingila wajabcin karatu yana farawa daga shekara 5, a Finlan kuwa sai yaro ya kai 7 yake shiga aji ɗaya. Don haka na hana kowa a gidan gwada shi da yayyensa. Abin da ya fi taimakonsa shi ne ziyarar da muka kai makarantar kafin a buɗe, ya ga ajinsu da ban ɗaki da ƙofar da zan jira shi, ranar farko kuma na yi masa sallama a fili, ban sulale ba.

Malamar aji ɗaya:
Wannan sallamar tana da muhimmanci, Hajiya, domin yaron da aka sulale masa yakan daɗe yana leƙen ƙofa. Ku kuma sa ido kan ciwon cikin safe da komawa fitsarin kwance, waɗanda sukan bayyana a farkon zango su wuce idan an bi yaro da lallashi ba da tsawa ba. Idan suka ɗore, ko yaron ya daina cin abinci da wasa, ku zo mu zauna mu bincika ko wani ne ke cin zalinsa a lokacin tara, sannan a kai shi likita ya duba.